Mai Yatsa da Rabin Fuska

A layin masu buga takardu, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da cajar waya, akwai wani shagon hoto mai ɗaki biyu. Ɗakin gaba shi ne na ɗaukar hoto. Akwai farin labule da shuɗi, da kujera mai juyawa, da wata tsohuwar kwat da ake ara wa masu hoton fasfo, wadda ta hau kafaɗar rabin mazan unguwar ba ta taɓa ganin ruwa ba. Ɗakin baya kuwa ko taga babu. Tebur ne da kwamfuta da sikana mai kwafar hoto, sai fanka mai ƙara kamar tana neman agaji. A nan Mai Yatsa ya ƙarar da mafi yawan ƙarfinsa.

Ba da kwamfuta ya fara ba. Tun yana yaro gawayi ne abin wasansa. Sai ya zana fuskar mutum a bangon gidansu, ya sa babban yatsa ya yi ta murza gawayin har kunci ya taso, ido ya zurma, ka ga kamar fuskar za ta yi magana. Ya sha duka a kan bango, ya sha a kan riga. Da ya tasa ya shiga hannun wani mai rubuta allunan shaguna, yana zana kawuna a ƙofar masu aski, kifi a ƙofar masu kifi. Daga can ne Babban Oga, mai shagon hoton, ya ɗauko shi, zamanin da ake wanke hoto a ɗaki mai duhu, a sa masa launi da auduga a kan tsinke.

Ranar da aka sauke kwamfuta a ɗakin baya, ya tattara burusansa a leda, ya ce da Babban Oga a sallame shi cikin mutunci tun kafin na'ura ta kore shi. Babban Oga ya ce ya zauna tukuna ya gani. Mutumin da ya zo haɗa ta ya buɗe manhajar gyaran hoto, yana nuna masa 'yan alamomin da ke jere a gefe: wannan na yanka ne, wannan burushi, wannan magogi. Sai idonsa ya faɗa kan wata alama, hannu a dunƙule da yatsa ɗaya a miƙe.

"Wannan fa?" ya tambaya.

"Na murza launi ne. Ka ɗora shi inda launi biyu suka haɗu, ka danna, ka ja. Sai su shiga juna."

Ya kama linzamin kwamfutar a tsorace, kamar wanda aka miƙa wa jariri. Ya ɗora ɗan yatsan tsakanin ja da shuɗi, ya ja. Launukan suka bi shi, suka narke a tsakiya. Ya ƙyalƙyale da dariya har da hawaye.

"Ashe har cikin nan yatsa ya riga ni zuwa!"

Daga ranar sunan ya bi shi. Har matarsa, idan ta so tsokana, Mai Yatsa take ce masa.

Wasu masu gyaran hoto suna raina wannan ɗan yatsan, suna cewa ɓata aiki yake yi, yana mayar da fata kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Shi kuwa cewa yake laifin mai hannu ne. Yakan rage ƙarfin yatsan ƙasa sosai, ya ƙanƙantar da shi, ya buɗa hoton har sai 'yan ɗigon launin sun fito ɗaya-ɗaya kamar ƙwayar hatsi. Sannan ya bi kwanciyar fata, daga inda haske ya sauka a kunci zuwa inda inuwa ta fara, da gajerun ja, a hankali, yana riƙe numfashi. Idan hoto ya karye a tsakiya, ya bar farin layi a goshin wani kaka, sai ya jawo launi daga sama, ya jawo daga ƙasa, ya haɗa su har ka rantse goshin bai taɓa tsagewa ba. Abu ɗaya yake yawan faɗa wa masu kawo aiki: yatsan nan ba ya kawo komai daga waje. Abin da ke wurin shi yake ja.

Ya ga mutane iri-iri a wannan ɗaki. Akwai ɗan kasuwar da ya ce a rage masa tumbi amma kada a rage sosai, kada a ɗauka ya talauce. Akwai matar da ta kawo hotonta da tsohon mijinta ta ce a cire shi, a bar mata kujerar da yake kai, don kujerar tata ce. Ya cire shi, ya murza launin bango a gurbinsa, ta duba ta ce, "Ka ga ɗakin ma ya fi iska." Akwai wani mai sanƙo da ya dage a mayar masa da gashi, da ya ga hoton ya ce to a ƙara masa saje. Mai Yatsa yakan kawo waɗannan labaran gida, ya ba matarsa tana tsaye gaban firij tana ɗaure ledojin ƙanƙarar da take sayarwa, ita da 'yarsu Auta su yi ta dariya.

"Baban Auta, ni yaushe za a rage mini shekaru?" in ji matar.

"Ke aikinki ya fi ƙarfin kwamfutar shago. Sai an yo odar wata."

Haka rayuwa ta tafi, ba yabo ba fallasa, har Babban Oga ya rasu, ɗansa ya gaji shagon. Ƙaramin Oga ba mugu ba ne. A gaban Mai Yatsa ya girma, Baba yake ce masa, ba ya shiga ɗakin baya sai ya yi sallama. Amma ya gaji shago ne a lokacin da kowa ke da kyamara a aljihu, kowace yarinya tana goge ƙurajen fuskarta a waya kafin ta tashi daga gado. Masu zuwa suka ragu, sai masu fasfo da 'yan tsofaffin da ke kawo hotunan iyayensu a cikin ambulan. A wannan lokacin ne kuma likita ya gaya wa Mai Yatsa yana da ciwon suga, ya hana shi shayi mai zaƙi, abin da bai ji ba sai a gaban matarsa.

Wata safiya ana yayyafi wata mata ta shigo. Za ta yi sa'arsa ko ta ɗan girme shi, siririya, riƙe da baƙar lema mai karyayyen ƙarfe ɗaya. Daga baya da ta riƙa zuwa da lemar ko da rana ake ƙwallewa, 'yan layin suka sa mata Mai Lema. Ta zauna a bakin kujera, ta kwance wani tawul, ta fito da ƙaramin firam.

"Malam, an ce kai ne mai tayar da hoton da ya mutu."

"A'a, Hajiya, mai tayarwa ɗaya ne. Ni dai ina ɗan shafe-shafe. Mu gani."

Hoton saurayi ne sanye da rigar aiki. Ruwa ya shiga firam ɗin, takardar ta manne da gilashi. Goshi yana nan, da idon hagu, da kunne, da ɗan gefen kunci. Daga karan hanci zuwa haɓa kuwa babu komai sai wani dabbare-dabbare, ruwan ƙasa da fari da kore-kore na funfuna.

Ta ce ɗanta ne, shi kaɗai ta haifa. Sunan mahaifinta ya ci, don haka Babana take ce masa. Mai gyaran lantarki ne, ya faɗo daga saman wani gini da ake kan ginawa, bai kai asibiti ba. Yaro ne da ba ya son hoto, ko an ɗaga waya sai ya kare fuska da hannu. Wannan ma don katin wurin aiki aka tilasta shi, ita ta karɓi ɗaya ta sa aka faɗaɗa. Katin ya tafi tare da kayan da ke jikinsa ranar, ba ta san inda aka kai su ba. Shi kuma firam ɗin ta ɓoye shi a ƙasan akwati don ba ta iya kallonsa, ashe rufin ɗakin yana yoyo daidai kan akwatin. Sai da zuciyarta ta yi ƙarfin dubawa ta tarar da shi haka.

Mai Yatsa ya daɗe yana juya firam ɗin a ƙarƙashin fitila. Ya san abin da ya kamata ya faɗa.

"Hajiya, inda ya rage zan iya gyara shi tas. Amma nan," ya nuna ƙasan fuskar, "babu abin da zan jawo. Ba kowa a wurin."

"Ni ina nan ai," ta ce. "Ni na haife shi. Zan gaya maka yadda yake, kai kuma ka sa."

Da ya ce a'a a nan, da labarin ya ƙare. Amma ya dubi yadda ta riƙe tawul ɗin da hannu biyu, ya kasa. Ya ce ta dawo bayan 'yan kwanaki.

Bai yi gigin ɓamɓare takardar daga gilashin ba, don ya san tare da fuskar za ta taho. Ya kifa firam ɗin a kan sikana yadda yake, ya kwafe shi cikin kwamfuta. Ya fara da abin da ya iya: ya share funfunar goshi, ya daidaita gira, ya fito da hasken idon. Ido ne mai ɗan lumshewa, irin na wanda ke jiran a gama a sake shi ya tafi. Sannan ya juya rabin da ya tsira ya kwantar da shi a ɗaya gefen, ya sami ido biyu da kunne biyu, ya murza tsakiyar har layin haɗin ya ɓace. Saura hanci da baki da haɓa.

Da ta dawo ya ja mata kujera kusa da shi. Tana ganin idanun ta toshe baki da mayafi. Sai da ta nutsu suka fara.

"Hancin fa?"

"Irin na ubansa ne. Mai faɗi, amma ba sosai ba."

Ya ɗiga launi daga kunci, ya ɗiga mai duhu kaɗan a gefe, ya sa yatsan yana ja, yana lanƙwasawa, har hanci ya fara tasowa daga cikin dabbaren.

"Ya yi faɗi."

Ya matse shi.

"A'a, yanzu kuma ya zama na mata."

Bakin ya fi ba su wuya. Ta ce leɓensa na ƙasa ya ɗan fi kauri, kuma idan zai yi dariya gefe ɗaya ke fara tafiya. Wane gefe? Ta ɗaga hannu ta taɓa nata bakin, ta ce dama. Can ta ce a'a, damanta ne idan tana kallonsa, wato hagunsa. Ya ja kusurwar bakin sama da ɗan yatsan. Ta ce wannan murmushin mugunta ne, Babana bai taɓa yi wa kowa irinsa ba. Ya sauke. Ta ce yanzu kuma kamar an yi masa faɗa. Suka wuni a haka, fanka na kuka a kansu. Da za ta tafi ta roƙa ya buga mata abin da aka samu, ta je gida ta dube shi a natse, wataƙila ta gano inda ya kauce. Ya buga mata.

Haka ta riƙa zuwa. Kowane zuwa da sabon gyara, kowane komawa da sabuwar takarda a cikin tawul. Wani lokaci ta zo da murna ta ce ta tuna, akwai ɗan tabo a haɓarsa, na faɗuwa daga keke. Wani lokaci ta zo ta ce a mayar da bakin yadda yake a takardar farko, wancan ya fi kusa. A mayar, ta ce ba shi ba ne. Shi kuma ainihin hoton yana cikin aljihun tebur, funfunar ba ta daina cinsa ba. Duk ya buɗe sai ya ga ta ƙara matsowa wajen idon, ya shanya shi, ya sa shi cikin leda, a banza.

A gida labaran dariya suka ƙare. Matarsa ta lura yana zama shiru, babban yatsansa na murza gwiwar wandonsa.

"Baban Auta, ka gaya wa baiwar Allahn nan gaskiya mana. Kai kana wahala, ita tana wahala."

"Na gaya mata tun ranar farko."

"To ka sake gaya mata."

"Da wane bakin? Ke ba ki ga yadda take shigowa ba."

Wata rana Ƙaramin Oga ya leƙo ya same su, ya tsaya a bayansu yana kallo. Ya ce, "Baba, da izininka, bari in gwada wani abu." Ya ɗauki hoton asalin da wayarsa, ya sa shi a wata manhaja da ke cike fuska da kanta. Kafin Mai Lema ta gyara zama aiki ya fito: saurayi kyakkyawa, fata sumul, haƙora jere farare, hanci kamar an auna da ma'auni. Ya miƙa mata wayar yana murmushi, da zuciya ɗaya.

Ta duba, ta duba, ta mayar masa.

"Kyakkyawa ne yaron nan, ɗana. Allah ya raya wa iyayensa shi."

Bayan ta tafi Ƙaramin Oga bai fita ba. Ya rufe ƙofar ɗakin, ya jingina da ita, yana sosa ƙeya.

"Baba, akwai maganar da na daɗe ina son yi, nauyinka nake ji."

"Faɗi, Oga."

"Hotunan da kake gyarawa kwanan nan, fatar mutane kore take fitowa. Ba sosai ba, amma ana gani. Mutum biyu sun dawo da nasu, ni na sake musu a ɓoye. Har wannan na Hajiyar." Ya nuna allon kwamfutar. "Dubi kuncin, dubi haɓar. Ba launi ɗaya ba ne."

Mai Yatsa ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya dubi kuncin, ya dubi haɓar. Launi ɗaya ya gani.

"Kwamfutar ce ta tsufa," ya ce.

"Wataƙila," in ji Ƙaramin Oga, ya fita a hankali.

Auta, wadda yanzu take aiki a wani kantin magani, ita ta ja shi asibitin ido da ƙarfin tsiya. Aka ɗiga masa magani, aka haska cikin idon, aka nuna masa wasu shafuka masu ɗigon launi aka ce ya karanta lambar da ke ciki. Wasu ya karanta, wasu ya ce babu komai a nan, wasa ake masa. Likitar ta juya ta yi wa Auta bayani, shi yana zaune kamar kayan da aka kawo gyara. Sugan ya taɓa jijiyoyin bayan idon. Za a yi ƙoƙarin tsayar da shi inda yake. Abin da ya tafi kuwa ya tafi.

A hanyar dawowa cikin mota Auta ta riƙe hannunsa. Ya ce kada ta gaya wa uwarta tukuna. Ta ce, "Baba, Mama ce ta ce in kawo ka. Tun ranar da ka sa safa kala biyu ka fita ta sani."

Duk da haka ya koma shago washegari, don Mai Lema za ta zo. Ya yi niyyar gaya mata komai, ya ce ta kai aikin wurin mai ido. Ya shirya maganar tun a hanya. Amma da ta shigo, ba ta zauna a kujerar da ta saba ba. Ta tsaya, ta kwance tawul, ta zube takardun da ya yi ta buga mata a kan tebur. Suna da yawa. Ido iri ɗaya a kowace, baki daban-daban.

"Malam, ba gyara na kawo ba yau."

"To, Hajiya, zauna mana."

"Da can," ta ce, ba ta zauna ba, "idan na idar da sallah na rufe ido, Babana yana zuwa. Ba na ko ƙoƙari. In gan shi yana shigowa da jakar kayan aikinsa, yana cewa Umma me aka ajiye mini. Da bakinsa, da komai. Abin da na kasa shi ne in faɗa maka da baki, amma ina ganinsa." Ta taɓa ɗaya daga cikin takardun. "Yanzu idan na rufe ido wannan ke zuwa. Ko wannan. Jiya wannan mai tabon ne ya zo. Na yi, na yi, in ture su in ga nawa, sun ƙi matsawa. Muryar tana nan. Fuskar ce babu."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Hajiya," ya fara, sai ta tari numfashinsa.

"Ba laifinka ba ne. Ka faɗa mini, ni na nace. Na zo ne dai in tambaya, tunda kai ka san aikin nan. Idan na daina kallonsu, zai dawo?"

Ya yi shekaru yana gaya wa mutane abin da suke son ji a wannan ɗaki: kin fi haka kyau a fili, ai kyamarar ce, wannan ba tumbi ba ne, rigar ce. Ya nemi irin wannan maganar ya rasa.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban sani ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce ya ba ta na asalin. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da firam ɗin. Funfunar ta riga ta haye rabin idon. Ta karɓa ba ta duba ba, ta naɗe shi a tawul. Ya tattara takardun zai miƙa mata, ta ce ya bar su. Ta ɗauki lemarta ta fita. Mai gyaran agogo ya ce ya ga ta tsaya a bakin titi ta daɗe, motoci na wucewa tana barinsu, kafin ta tsallaka. Daga baya aka ji ta koma wurin ƙanwarta a wani gari. Ba wanda ya sake ganinta a layin.

Mai Yatsa bai kai ƙarshen wannan watan a shago ba. Ba korarsa aka yi ba. Da kansa ya ce da Ƙaramin Oga ya gaji, Ƙaramin Oga ya ce ai Baba ka yi ƙoƙari, su duka biyun suna kallon ƙasa. Ba a jima ba aka fasa bangon da ya raba ɗakunan, aka jera kantoci, ɗakin baya ya zama wurin sayar da rigunan waya. Kwamfutar aka kawo masa gida a bayan mota, wai ko zai riƙa ɗan taɓawa. Tana nan a kusurwar ɗaki an lulluɓe ta da zane, matarsa tana ɗora kwandon ledojinta a kai.

Yanzu yana zama ne a kan benci a ƙofar gida, kusa da kular ƙanƙara. Idan mai saye ya zo ya miƙa masa, idan ta ƙare ya ƙwala wa matarsa kira. Tsakiyar abin da yake kallo ta fara dushewa, gefe-gefen ne ke nan, don haka idan yana son ganin mutum sai ya ɗan kau da kai kamar mai fushi da shi. Waɗanda ba su sani ba suna cewa tsohon nan ya cika girman kai. Auta tana kai shi asibiti idan lokaci ya yi, a yi masa allura a idon, ya dawo da bandeji, ya kwana biyu a ɗaki. Likitar tana cewa ana riƙe da shi. Shi dai ya san kowane komawa layin da yake iya karantawa a allon gwaji yana ƙara hawa sama.

Kwanan baya wani sabon maƙwabci, direban motar haya, ya zo ya durƙusa a gabansa da wasu katuna biyu na kamfanin fenti. Ya ce zai yi wa ɗakin iyalinsa fenti, shi da matarsa sun kasa daidaitawa, aka ce masa ai ga masanin launi nan a ƙofa, duk unguwar ba kamarsa.

"Baba, don Allah raba mana gardama. Wanne zai fi haska ɗaki?"

Mai Yatsa ya karɓi katunan. Ya ɗaga su sama wajen rana, ya kau da kai gefe, ya matso da su, ya nisantar. Duka biyun launi ɗaya ya gani. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa da leda a hannu tana kallonsa.

"Ɗauki na dama," ya ce.

Direban ya yi ta godiya, ya ce shi ma wallahi shi ya zaɓa tun farko, yanzu sai ya ga bakin da matar za ta yi magana da shi. Ya sayi ƙanƙara biyu ya tafi yana dariya.

Matar ta zo ta zauna a ɗaya gefen bencin. Can ta buɗe kular ta leƙa, ta ce ƙanƙarar ta fara narkewa, bari ta mayar da sauran firij kafin a ɗauke wuta.